Bazara a Yankari: ki ɗaga kai, furannin suna sama

Uwargida, idan aka ce bazara na san abin da ke fara faɗo miki a rai: zufa, ƙurajen zafi a wuyan yara, randar da ruwanta ya ƙi sanyi, da kwanan tsakar gida saboda ɗaki ya ƙi shiguwa. Ba wadda ke ɗokin watan Maris da Afrilu. To amma a daidai lokacin da muke wannan ƙorafi a cikin gari ne dajin ƙasarmu yake cin ado. Itatuwan da suka kaɗe ganye tun hunturu sai su fitar da fure a kan busassun rassa, ja da rawaya da fari, tun ɗigon ruwan sama bai taɓa ƙasa ba. Namun daji kuma ƙishirwa takan tattaro su bakin ruwa, inda ido zai same su.

Furannin ƙasashen Turai da muke gani a waya a ƙasa suke shimfiɗe kamar darduma, suna fitowa bayan ƙanƙara ta narke. Yawancin namu a sama suke, shi ya sa mai tafiya kai a sunkuye zai iya rantsewa ba mu da su. Inda nake so ki je ki gan su shi ne dajin Yankari da ke jihar Bauchi, ke da maigida da yara da wannan wayar da ke hannunki. Ba sai da babbar kyamara ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne kowane hoton da za ku dawo da shi ya zo da sunansa na Hausa.

Me ya sa sai da suna?

Ki gwada wannan yau bayan sallar isha'i. Ki ce wa ɗanki na firamare ya lissafo itatuwa biyar. Zai ce mangwaro, darbejiya, gwaiba, wataƙila ya ƙara da lemo, daga nan ya fara sosa ƙeya. Dukansu baƙi ne a ƙasar nan: darbejiya da mangwaro daga yankin Indiya suka zo, gwaiba kuma daga nahiyar Amurka. Yaron nan kullum yana shan miyar da aka sa wa daddawa, ana shafa masa man kaɗanya da hunturu, amma ko ya jingina da ɗorawa ko kaɗanya ba zai gane su ba. Dabbobin da ya sani kuwa na katun ne. Ki ce masa gwanki ko mazo, sai ya ɗauka sunan wani gari ne.

Kakarsa ta san waɗannan sunaye ne don ta yi itace, ta ɗebo ganyen miya, ta tsinci kaɗanya da asuba. Mu mun san rabi, yaranmu ba su kai rubu'i ba. Suna idan ya ɓace ba shi kaɗai yake tafiya ba, yakan tafi da sanin amfanin itacen, da lokacin 'ya'yansa, da karin maganar da ta rataya a jikinsa. Wanda bai san sunan itace ba kuma ba ya jin zafi ranar da aka sare shi aka yi gawayi. Saboda haka a wannan tafiya ki ɗauki wayar a matsayin allo, jagoran daji kuma malami.

Hanyar zuwa

Daga garin Bauchi hanyar Gombe za ku kama. Idan kun kai Dindima, inda gada ta ƙetare kogin Gongola, sai ku saki babban titi ku yi kudu, har zuwa ƙauyen Mainamaji inda ƙofar shiga take, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Kada yara su fara tattara takalma a nan, domin daga ƙofa zuwa sansanin Wikki, inda masauki yake, akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin dajin kansa. Gaba ɗaya daga Bauchi tafiyar ta ɗan haura kilomita 100. Ku fito da sassafe, ku cika tanki tun daga gari, kuma kafin ranar tafiya maigida ya bugo ya tambayi halin da hanya take ciki, kamar yadda ake yi wa kowace tafiya a yanzu. Kada ku bari dare ya riske ku a hanya, a zuwa ko a dawowa. A wannan kiran ne kuma zai ji farashi, don kuɗin shiga daban, na ɗaki daban, na motar zagayen daji ma daban.

Dajin yana da faɗin murabba'in kilomita kusan 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a watan Disamban 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, sannan a 2006 aka mayar wa jihar Bauchi. Kogin Gaji ne ya ratsa tsakiyarsa, kuma shi ne dalilin da ya sa bazara ta fi kowane lokaci daɗin ziyara. Da damina ruwa ko'ina, ciyawa ta fi mutum tsawo, dabbobi sun bazu, sai ku yini ba ku ga komai ba sai ganye. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuwa tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, kowace dabba dole ta gangaro kwarin Gaji ta sha.

Wannan tafiya daga ƙofa zuwa sansani kada ta tafi a barci. Ki raba wa yara aiki: wannan ya kalli tagar dama, wancan ta hagu, duk wanda ya hango launi a saman itace ya yi magana. Tun a nan littafin sunaye zai fara cika.

Furannin da za ki nema

Na farko ɗorawa. Ba za ki ɓata ta ba: furenta jajaye ne, dunƙule-dunƙule, suna reto a dogon sili kamar tuntun hular dara. Daga Fabrairu zuwa Maris suka fi yawa. Da daddare jemagu ke zuwa shan zumarsu, da safe ƙudan zuma su karɓa, kuma wannan zirga-zirgar ce ke sa itacen ya yi 'ya'ya. Daga furen nan ne kwanson ɗorawa zai fito, a samu garin da yara ke sha, a samu kalwar da ake dafawa ta zama daddawa. Ki nuna wa 'yarki jan tuntun ki ce mata ga mafarin ƙamshin miyar gidanmu. Ba za ta manta ba.

Na biyu gurjiya, wadda wasu ke kira kurya. Jikinta duk ƙaya, rassanta ba ganye ko ɗaya, sai fure ja mai kauri kamar ƙaramin kofi. Ita takan riga sauran, tun cikin hunturu, don haka idan kun je a Fabrairu za ku tarar da ƙarshenta, furannin sun zubo a gindi. Ƙoƙon da ke riƙe da furen ana busar da shi a yi miya mai yauƙi, 'yan'uwanmu Tibi sun shahara da ita.

Sai marga, mai zubo da fure rawaya zara-zara har ya lulluɓe itacen, ana hango ta daga nesa a cikin toka-tokar daji. Sai sansami, mai fure ruwan hoda, shi ma yakan fito ne kafin ganye. Kaɗanya kuwa ba ta da kwarmato: furenta ƙanana ne, fari-fari, a cure a ƙarshen reshe. Hancinki zai riga idonki sanin tana kusa, in ba haka ba kukan ƙudan zuma ya gaya miki.

Akwai guda ɗaya da za ki sunkuya domin ta. A wuraren da wutar daji ta cinye, inda ƙasa ta yi baƙi ƙirin, za ki ga fure rawaya mai haske ya fito daf da ƙasa, ba kara ba ganye, kamar an ajiye shi. Sunan tsiron rawaya, sunansa ɗaya da launin, kuma da saiwarsa ake rini. A wasu gidaje ana jiƙa saiwar don shawara. Ki ɗauki hotonta ki rubuta sunanta, amma jaririn da idonsa ya yi rawaya asibiti ake kai shi a ranar, ba a jira jiƙo ya yi aiki.

Idan tafiyarku ta faɗo a ƙarshen Afrilu ko Mayu, bayan ruwan farko, za ku ga wani sabon salo. Gaɗali yakan ɓullo daga albasarsa da farin fure mai ratsin ja, shinge ya tashi da dare, shamuwa kuma ta iso ta shaida cewa damina ta kusa.

Yanzu batun ɗauka. Abu na farko, ki goge gilashin kyamara da gefen mayafinki, don yawancin hotunan da ke fitowa dishi-dishi maiƙon hannu ne da ƙura, wayar lafiyarta ƙalau. Na biyu, lokaci: daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar. Hasken tsakar rana yakan wanke launi, jan fure ya koma kamar tsohon atamfa. Ki juya wa rana baya. Idan furen yana sama kuma sararin sama ya yi fari, ki taɓa furen a fuskar waya da yatsa har ya fito tangaran, sannan ki ɗan ja hasken ƙasa kaɗan. Ki manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ki riƙe numfashi, ki danna.

Kowane itace ki yi masa hoto uku: ɗaya daga nesa a ga siffarsa gaba ɗaya, ɗaya na ɓawon jikinsa, ɗaya na furen ko ganyen. Da waɗannan ukun duk dattijon da kika nuna wa zai faɗa miki sunan. Hoton fure shi kaɗai yakan rikitar da ko masani. Na ƙasa irin su rawaya kuwa ki bar wa ƙaramin cikin yaran, shi ya fi kusa da su, kuma ba ya ƙyashin durƙuso. Doka ɗaya ce: ba a tsinka. Furen da aka tsinka ba ya kai sansani bai yanƙwane ba, kuma ba zai zama 'ya'ya ba.

Zagayen daji

Ana fita zagaye ne da safe da kuma yamma, a buɗaɗɗiyar mota, tare da jagora daga ma'aikatan gandun dajin. Ku zaɓi na safe idan yaran ƙanana ne. Tun kafin ku hau ki shirya musu zuciya, don nan ba gidan zu ba ne, ba dabbar da aka ɗaure tana jiran baƙi. Raƙumin dawa da jakin dawa ba a nan ake zuwa ganinsu ba, suna gandun Sumu, shi ma a jihar Bauchi, inda aka kawo su daga Namibiya a 2006. Zaki akwai shi, Yankari da dajin Kainji ne ma kaɗai suka rage da zakuna a Najeriya, amma 'yan kaɗan ne kuma ganinsu sai mai babban rabo. Yaron da aka yi wa alkawarin zaki zai dawo da kuka. Wanda aka ce wa ya ƙirga dabbobi iri nawa zai gani, shi zai dawo da labari.

Ga waɗanda za ku fi sa rai da su. Gwambaza, mai kaurin gashi, ba ta nisa da ruwa, kuma namijin ne kawai ke da ƙaho. Mazo ja ne mai ɗigo da zanen fari, yakan tsaya cak a inuwa ya zuba muku ido, shi ya fi sauƙin ɗauka. Kanki dogon fuska gare shi kamar wanda aka ɓata wa rai. Gwanki kuwa babba ne, fuskarsa baƙi da fari, kunnuwa zaƙo-zaƙo, ƙahonni sun lanƙwasa baya, idan kuka gan shi za ki gane dalilin da maharba ke yi masa kirari da sha bara. Ɓauna a garke take tafiya, sau da yawa da carki a gadon bayanta yana cire mata kaska. A kogi akwai kada da dorina.

Tsuntsaye sun haura iri 350 a dajin, kuma su ba sa ba da kunya. Zabin daji za su tsallaka hanya a guje, cilakowa ta bi ku daga reshe zuwa reshe. Ki sa ido ki ga burtu, baƙin tsuntsu mai girman talotalo da ke takawa a ƙasa a hankali. Namijin maƙogwaronsa ja da shuɗi, macen shuɗi zalla. Ki ba yara labarin yadda maharban da suke ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe, dabbobi su ɗauka tsuntsu ne har a matso kusa da su.

Sai giwa. Garken Yankari na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, duk da haka ƙiyasin masu kula da dajin bai wuce 100 zuwa 150 ba. Masu farautar haure sun yi musu ɓarna shekara da shekaru, kuma giwa ba ta saurin mayar da gurbi: wata 22 take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa guda, ta yi shekaru tana reno. Ke da kika san wata tara kin san abin da hakan ke nufi. Tsohuwar uwa ce ke jan garke, ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari. A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta haɗa hannu da gwamnatin jihar wajen sintiri. Su ma manoman ƙauyukan gefen dajin suna da nasu kukan, don giwa idan ta faɗa gona dare ɗaya ya ishe ta. Yaran da suka kai sakandare ki gaya musu duka ɓangarorin biyu. Idan ba ku ga giwar ba, za ku ga sawunta da kashinta da rassan da ta kakkarya. In jagora ya ba da izinin sauka, ki sa yaro ya ajiye takalminsa a gefen sawun ki ɗauka. Wannan hoton yakan fi na giwar kanta jan magana a gida, kuma daga ranar ba sai an fassara masa sawun giwa ya take na raƙumi ba.

A mota kada ki matsa wa waya da zuƙowa. Idan kika wuce ninki biyu hoton yakan farfashe, gara ki ɗauki dabbar ƙarama a cikin dajinta, ya fi kyau kuma ya fi gaskiya. Ki kashe filasha da ƙarar dannawa. Ki jira direba ya tsaya, ki jingina hannu a ƙarfen mota. Abin da ke motsi ki yi masa bidiyo na daƙiƙa 10, daga baya ki ciro hoto a ciki. Kuma lokaci-lokaci ki ajiye wayar a cinya ki kalla da idonki.

Ruwan Wikki da barayin sansani

Daga masauki matakala ce mai tsayi za ta gangara da ku zuwa Wikki. Ruwan yana ɓulɓulowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai, kina ganin farin yashi da yatsun ƙafarki a ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma an ƙiyasta lita miliyan 21 ke fita daga cikinsa a kullum zuwa kogin Gaji. Kusa da dutsen akwai zurfin da ya fi ƙarfin wanda bai iya ruwa ba, can ƙasa kuma ya yi daidai da yara. Ko a inda bai kai gwiwa ba kada ki ɗauke ido daga kan ƙaramin yaro, kada kuma ki bar wa yayarsa amanarsa. Nutsewar yaro ba ta da ihu, shiru ake ji. Idan lokacin wanka ya yi, wayar ta koma jaka.

Idan kina son sakewa ki gangara da sassafe kafin jama'a su taru, da dogon wando da riga mai kauri. Mata da yawa zama kawai suke yi a gefe su tsoma ƙafa, wannan ma hutu ne. Hoton yara a cikin ruwa kuwa na gida ne, ba na ɗorawa a Facebook ko zauren WhatsApp ba. Haka nan ki kula kada 'ya'yan wasu ko matan wasu su shigo miki hoto ba da saninsu ba.

A cikin sansanin za ku yi maƙwabtaka da gadu, wanda ke durƙusawa a gwiwa yana kiwo, idan ya tsorata ya ɗaga wutsiya sama ya zura. Shi ba ruwansa da ku muddin ba a matsa masa ba. Gwaggon biri ne abin kiyayewa. Ya san leda, ya san kular abinci, ya san ƙofar da ba a kulle ba, kuma ya san yaro da mace sun fi sauƙin ƙwace. Kada yaro ya fito da biskit ko lemon kwalba a hannu. A ci abinci a ɗaki, a rufe taga, a kulle mota. Idan ya fizge abu a bar masa. Kada a miƙa masa abinci don a samu hoto, wannan ɗabi'ar ce ta mayar da shi ɗan fashi.

Idan rana ta yi zafi ku shiga ɗan gidan tarihin da ke sansanin, inda aka ajiye fatu da ƙahonni da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta. Masu manyan yara kuma su nemi a kai su kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, shaidar cewa dajin nan ya taɓa zama garin wasu.

Guzurin lafiya

A nan bari in sa farar rigata ta jinya. Zafin Maris da Afrilu yakan doshi digiri 40, kuma yaro ya fi babba saurin bushewa. Ki ɗauki ruwa fiye da yadda kike zato, ki riƙa ba su ko ba su nema ba. Alamun da za ki lura da su: fitsari ya ragu ko ya yi ja, leɓe ya bushe, yaro mai ƙiriniya ya yi laƙwas. Ki tafi da ƙunshin ORS. Idan babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Daga ƙarfe 11 zuwa la'asar a zauna a inuwa. Bazara kuma lokacin sanƙarau da ƙyanda ne, don haka ki duba katin rigakafin kowa kafin tafiya. Mai jariri ɗan watanni da mai tsohon ciki su haƙura sai wata shekarar, dajin ba inda za shi.

A kwarin kogi akwai tsando, cizonsa da zafi, kuma baƙi da shuɗi ne ke jawo shi. Ku sa tufafi masu haske, masu dogon hannu. Ki ɗauki gidan sauro da man korar sauro, da tocila, da takalmi rufaffe ga kowa saboda ƙaya da kunama da maciji. Idan biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar don allurar rigakafi, ko da ciwon ƙarami ne. Saran maciji kuma ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya, a hana wurin motsi a tafi asibiti. Ban da Wikki, kada kowa ya tsoma ƙafa a wani ruwa.

Ita ma wayar tana da nata guzurin. Ki share tsofaffin bidiyoyin biki tun daga gida don a samu wuri, ki cika fawa-banki, kada kuma ki dogara da sabis a cikin daji.

Littafin sunaye

Ki sayi ƙaramin littafin rubutu ki damƙa wa wanda ya fi iya rubutu a cikin yaran. Duk abin da aka ɗauka, shi zai tambayi jagora: Baba, mene ne sunan wannan, kuma me ake yi da shi? Ya rubuta sunan da ranar da wurin. Akwai manhajoji irin su Google Lens da iNaturalist da kan gane fure ko tsuntsu daga hoto, amma sunan Turanci ko na Latin za su ba ki. Na Hausa yana bakin mutane. Tun 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya ga darajar waɗannan sunaye har ya tattara su a littafi guda. Bai kamata mu masu abin mu bari su salwanta a hannunmu ba.

Idan kun dawo, aikin bai ƙare ba. Ku kai wa Hajiya ko Inna hotunan, ko ku tura mata a WhatsApp, yaran su tambaye ta da bakinsu. Za ki sha mamaki: hoton marga guda ɗaya zai iya buɗe hirar da za ta kai dare, da sunan da ake kiranta a ƙauyensu, da wanda ya taɓa faɗowa daga ɗorawar bayan gari. Ki danna rikoda ki ajiye muryarta. Sannan ki zaɓi hotuna goma ki kai a wanke, don waya takan faɗa ruwa, takan ɓace, takarda kuwa tana nan.

Wadda aljihu ko hanya ba su ba ta damar zuwa Yankari bana ba, kada ta ce abin ya wuce ta. Ɗorawa da kaɗanya da marga suna nan a gonakin bayan gari da hanyar ƙauyenku, kuma a watannin nan su ma suke fure. Yammacin Asabar ɗaya, gorar ruwa da littafi da waya sun isa. Idan kika samo wani suna da ba ya cikin waɗanda na lissafa, ko kuma a garinku wani suna daban ake kiran ɗayansu, ki rubuto mana shi a ƙasa tare da sunan garin, sauran iyaye mata su ƙaru. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kai mu damina lafiya.